Kasuwar kayan lantarki a Nijar: girma na nan tafe, amma wa zai ci moriyarsa?

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko layukan masu wayoyi na Maraɗi da Tawa da Ƙwanni, ba ya buƙatar wani masani ya sanar da shi cewa cinikin kayan lantarki ya kankama a ƙasar nan. Ga wayoyin salula rataye kamar ƴaƴan kanya, ga fitilun caji, ga rediyo mai cin katin waƙa, ga allunan hasken rana jingine da bango, ga talabijin mai faɗi cikin kwalinsa yana jiran uban amarya. A kasuwannin ƙauye ma, masu ci sau ɗaya a mako, mai teburin caja da batir ya samu gurbinsa tsakanin mai goro da mai gishiri. Saboda haka ne ake ta jin magana, a bakin masu jari da na masu mulki, cewa wannan husa'a ita ce gonar gobe, wanda ya shuka yau zai girba har ya gaji.

Lissafin da ake kafa wannan fata a kai mai sauƙi ne. Ƙidayar jama'a ta 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ɗoriya. Ta 2012 ta samu miliyan 17 da ɗoriya. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya kai wajen miliyan 27. Kusan rabin wannan al'umma ba su cika shekara 15 ba. Kowace shekara samari da ƴan mata fiye da rabin miliyan ne ke kai munzalin da yaro ke fara damun mahaifinsa da zancen waya, in bai samu ba ya tafi ci-rani ya sayo da guminsa. A ɗaya gefen, ƙididdigar hukumar sadarwa ta duniya, UIT, ta 2023 ta nuna masu shiga intanet a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 4 ba. Ga masu buƙata suna ƙaruwa, ga fili fetal ba a taɓa ba. Babu gardama a nan: kasuwar za ta girma. Abin da ya kamata ɗan kasuwa mai shirin zuba jarinsa, da ma'aikaci mai shirin cin bashi kan albashinsa, su tambaya shi ne: wane irin kaya ne zai samu shiga, da wane kuɗi za a saye shi, ta wace hanya zai iso, kuma me zai rage wa ƙasa bayan an biya Sin da Dubai haƙƙinsu? Amsoshin ba su kai lissafin farko daɗin ji ba.

Ƴan Nijar ba baƙin akwatin magana ba ne. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyuka, a 1964 aka fara koyar da ƴan lakwal ta talabijin, tun ƙasashe da yawa da suka fi wannan arziki ba su yi tunanin haka ba. Amma waɗannan duka kayan gwamnati ne da na masu ba da agaji. Mallakar mutum ta tsaya kan ƙaramar rediyo da rakoda mai cin kaset, sai bidiyo a gidajen masu hali lokacin da finafinan Kano suka fara tsallako iyaka. A Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, farashin abin da ke zuwa daga ƙetare ya yi sama cikin ƴan makwanni, ga ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni. Har ƙarshen waɗannan shekaru layin tarho na gida bai wuce 2 ga mutum 1,000 ba, galibi a Yamai. Sai a 2001 kamfanin Celtel ya kafa eriyarsa. Shi ne ya zama Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, ya sayar da reshensa ga Zamani a 2019. SONITEL da SahelCom suka haɗe a 2016 suka zama Niger Telecom. Ga kuma Moov. A 2024 layukan salula sun haura miliyan 15, ko da yake layi daban mutum daban, tunda ɗan kasuwa ɗaya kan riƙe biyu ko uku don gudun ranar da rezo zai ɗauke.

Wannan tarihi na ɗauke da darasi guda da hukumomin kuɗi ba su gama karɓa ba. Waya ta bazu a Nijar ne saboda kayan aiki ce, kamar sikeli ko amalanke. Wata masaniyar tsimi da tanadi ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: dillalin da a da sai ya yini cikin mota kafin ya san nawa tiyar gero take a Bakin Birji ko Gidan Rumji, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Manomin albasa na Galmi yana jin farashin Abijan da Akara kafin ya ɗinke buhu. Matar da mijinta ke Legas ko Libiya, a wayarta ake sanar da ita saƙonta ya iso wurin Nita ko Al Izza. A ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba, saƙon murya na WhatsApp ya gaje kujerar marubucin wasiƙa na bakin gidan waya.

To amma da wane kuɗi? Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke ya zauna kan sefa 30,047 tun 2012, sai daga baya aka ɗaga shi zuwa jika 42. Kuma mafi yawan ƴan ƙasa ba su ma cikin masu ɗaukar albashi. Wayar zamani mafi araha, mai shiga intanet, tana cinye kusan wannan adadi gaba ɗaya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a a karkara suke, kuɗinsu na zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara: da kaka bayan an sayar da wake da aya da riɗi, ko da dawowar ƴan ci-rani da masu haƙar zinariya na Jado. In damina ta yi gardama, ko ambaliya ta ci gonaki kamar yadda ta yi a 2024, mai rumfar waya a Tasawa zai ji a jikinsa kafin ministan kuɗi ya gani a takardunsa. Man Agadem da aka fara fitarwa ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin a Mayu 2024 ya ɗaga alƙaluman arzikin ƙasa, gaskiya ne. Amma tsakanin rijiyar mai da aljihun malamin lakwal na ƙauye akwai tafiya mai nisa.

Kamfanin da ya fahimci wannan tun da wuri shi ne Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix. Bai zo da wayar da ta fi kowace ƙawa ba. Ya zo da mai gurbin layi biyu, mai batir da ke jimirin kwanaki, mai hoton da ke fitar da baƙar fuska sarai, a farashin da talaka ke iya tarawa da adashi. A 2023 da 2024 kusan rabin wayoyin zamani da aka sayar a Afirka nasa ne, Samsung na bin sa a baya, Nokia kuwa ta zama labari. Duk ɗan kasuwar da ke hangen shekaru masu zuwa ya dubi wannan da kyau: girman kasuwar Nijar na yawan ƙwaya ne, ƴar riba kaɗan a kan kaya masu ɗimbin yawa. Irin wannan kasuwa kuwa ƙaramin motsi a waje ke girgiza ta. A ƙarshen 2025 farashin ƙwayoyin ajiyar bayanai da ake sakawa cikin waya ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe abin da masana'antun Koriya da Amurka ke ƙerawa. Waya mai tsada tana da inda za ta ɓoye wannan ƙari. Mai araha ba ta da shi, kai tsaye kan mai saye yake faɗawa.

Babban tarnaƙin dai shi ne wuta, domin kayan lantarki sunansa ya faɗi abincinsa. Alƙaluman Bankin Duniya na 2023 sun ce mutum 1 cikin 5 ne ke da kuran a gidansa a Nijar, a karkara kuwa abin bai taka kara ya karya ba. Wanda ke da shi ɗin ma bai mallake shi ba. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take fitowa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da layin Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sa aka katse ta a farkon Agusta, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. Masu sayar da ƙanƙara, da masu walda, da matan da ke riƙe gida da cinikin lamurje mai sanyi ba za su manta da waɗannan watanni bakwai ba. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a 2023, ta rage zafi. Ta Malbaza mai megawat 7 tana nan tun 2018. Madatsar ruwan Kandaji kuwa, da aka yi alkawarin megawat 130 daga gare ta, an aza tubalinta a 2008, aka sake ƙaddamar da aikin a 2019, har ƙarshen 2025 ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da ranar kammalawa da ta yanke. Tsarin da aka amince da shi a 2018 ya yi burin kai wuta ga kashi 80 cikin 100 na jama'a zuwa 2035: daga 20 zuwa 80, alhali jama'ar kanta na ninkawa duk shekara 20. Mai jari ya yi wa kansa lissafi. Ko Starlink da ya fara aiki a Maris 2025, mai kai intanet inda eriya ba ta kai ba, sai da wuta yake tashi.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba su faɗi. Kuran da ke ɗaukewa ya dawo da ƙarfi fiye da kima shi ne ajalin firigo da talabijin. Zafin Afrilu da Mayu da kan kai digiri 45 yana kumbura batir. Ƙurar hunturu tana toshe duk wata kafa. Ke nan wani kaso na abin da ake kira bunƙasar kasuwa ba daga sababbin masu saye yake ba, tsofaffin ne ke sayen abu ɗaya sau biyu sau uku. Ma'aikacin da ya gama biyan bashin firigo a watan da injinta ya ƙone, a littafin masu hasashe ciniki biyu ya kawo; a gidansa kuwa asara ce tsagwaronta.

Inda ƙofa take a buɗe da gaske shi ne hasken rana, kuma abin takaici ƙasar nan tana cikin waɗanda suka riga kowa sanin haka. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagorance shi shekara da shekaru ana ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun girki na rana, lokacin da duniya ke ganin abin kamar wasa. Aka bar aikin ya shiririce, yau allunan daga Sin ake sayo su. Sa'ar da aka yi, farashinsu ya faɗi warwas: tsakanin 2023 da 2024 ya ragu da kusan rabi a kasuwar duniya, kuma cibiyar bincike ta Ember ta lissafa cewa cikin watanni 12 da suka ƙare a Yuni 2025 allunan da Afirka ta sayo daga Sin sun ƙaru da kashi 60 cikin 100. A 2017 hukumomin Nijar suka yafe wa wasu kayan hasken rana kuɗin duwan da TVA, a ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin Haske na dalar Amurka miliyan 317 da rabi domin kai wuta birni da ƙauye. Allo ɗaya da batir ɗaya a kan soro su ne ke buɗe wa sauran kaya hanya: fitila da farko, sai cajin waya, wanda shi kansa sana'a ce a ƙauye, sai fanka da talabijin masu cin bolt 12, daga baya famfon ban-ruwa na noman rani da firigon ajiye nonon sayarwa. Ɗan kasuwar da ya cika sito da kayan da sai da kuran na NIGELEC suke tashi, mutum 1 cikin 5 yake nema, wanda kowa ke rububi a kansa. Sauran 4 na jiran wanda zai kawo musu kayan da ya dace da rufinsu, ya kuma yarda a biya shi kaɗan-kaɗan. A Kenya da Najeriya kamfanoni irin M-Kopa sun gina babban ciniki kan wannan: a ɗauki allo ko waya, a riƙa biya ta salula, in an daina biya na'urar ta kulle kanta. Alhazan Maraɗi, da suka gaji ba da kaya bashi kan amana tun zamanin gyaɗa, ba su da abin koyo wurin kowa game da sanin wanda zai biya. Abin da ya rage musu shi ne na'urar kullewa, da tsarin biya da malamai za su yarda babu kuɗin ruwa a ciki.

Sai zancen hanya. Nijar ba ta da teku, kowane kwali sai ya taka ƙasar wani kafin ya iso. Shekara da shekaru tashar Kwatano ce ƙofa, kilomita 1,000 da ɗoriya daga Yamai ta gadar Malanbil da Gaya. An rufe gadar da takunkumin 2023. Da CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe bisa dalilan tsaro, haka aka ƙare 2024, haka aka shiga 2025. Kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta zama ta makwanni. Buhun shinkafa na iya jira. Waya ba ta jira: samfurin da ya yi wata biyu a hanya, kafin ya iso ƙanensa ya fito a Dubai, farashinsa ya karye, ga kuɗin banki na gudu. Shi ya sa ƙananan kaya masu tsada ke bin jirgin sama cikin jakar fatake, ko su shigo daga Kano, daga kasuwar Farm Centre da titin Beirut, su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa ko ta Daura da Matamai. Kano ba ta kai kilomita 300 daga Maraɗi ko Damagaram ba, ga harshe ɗaya, ga dangi. Amma ita ma wannan ƙofa makullinta ba a hannun ɗan Nijar yake ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa a 2023. Da aka saki naira a Yuni 2023, ta faɗo daga wajen 460 kan dalar Amurka zuwa fiye da 1,500 a Fabrairu 2024, jikar sefa ta riƙa sayen ninki biyu na nairar da take saye a da. Wasu suka ɗauka garaɓasa ce ta faɗi. Ba ta daɗe ba, domin waya da dalar Amurka ake sayo ta, ɗan Kano ya gyara farashinsa da zarar tsohon kaya ya ƙare. Abin da ya daɗe shi ne karyewar aljihun ɗan Najeriya, wanda shi ne babban abokin cinikin masu fiton kaya na Maraɗi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza tubalinsa a Fabrairu 2021, ran da jirgi ya fara gudu a kansa zai sauya wannan lissafi. Kafin nan, ba abin da za a ci bashi a kansa ba ne.

Abin da ke hannun gwamnati ita kaɗai, wanda ba ya jiran damina ko yardar maƙwabci, shi ne haraji. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, amma ta zauna cikin UEMOA da jadawalin duwan na bai-ɗaya. Kayan da aka gama ƙerawa, irin talabijin da firigo, kashi 20 cikin 100 ake ɗora musu, sannan TVA kashi 19 ta hau kan jimilla. Kayan jika 100 ya zama na jika 120, ya zama na jika 143 saura kaɗan, kafin a zo ga ƙananan kuɗaɗe, har da rabin kashi ɗaya na ƙawancen AES da aka yanke a Maris 2025, kafin kuɗin mota da na shingayen hanya. Sakamakon kowa ya san shi: ga iyaka mai tsawon wajen kilomita 1,500 da Najeriya, ga waya na shiga aljihun riga. Mai biyan duwan da gaskiya ya zauna da kayansa, mai babur ɗin dare ya sayar, baitulmali ya tashi a tutar babu.

Wasu ƙasashen Afirka sun gwada hanyoyi biyu. Kamaru a 2020 ta so karɓar kashi 33 cikin 100 na kuɗin waya ta hanyar zaftare kiredin mai ita kaɗan-kaɗan; jama'a suka yi ca, aka janye tun ba a je ko'ina ba. Cadi, wadda ita ma ba ta da teku, a Janairu 2022 ta yafe wa wayoyi da kayan shiga intanet kuɗin shigowa na shekara 5. Afirka ta Kudu a Afrilu 2025 ta cire harajin kashi 9 daga kan wayoyin da ba su kai rand 2,500 ba. Ma'aikatar kuɗi za ta ce baitulmali ya shiga matsi tun takunkumi da janyewar masu ba da agaji, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma ba a ce a yafe wa na'urar sanyaya ɗaki ko talabijin mai faɗin ƙofa ba; mai iya sayensu ya iya biya. Zancen na ƙaramar wayar zamani ne da ke ƙasa da wani farashi da za a yanke, da fanka da fitila da firigo masu aiki da rana. Waya sau ɗaya ake biya mata duwan, in ma an biya. Kiredin da za ta ci kuwa na kullum ne, kowanne da harajinsa a ciki, a hannun kamfanoni 4 da ba su da inda za su ɓuya.

Rangwame ba tare da sa ido ba kuwa buɗe wa shara ƙofa ne. Allon da aka rubuta wa wat 200 alhali bai kai rabi ba, batir da ke mutuwa kafin damina ta zagayo, caja mai tada gobara, waya mai lambar IMEI ta jabu, garantin da ke ƙarewa a bakin rumfa: duk mai shiga kasuwa ya san su. Ɓarnarsu ta wuce asarar mutum ɗaya. Magidancin da ya sayar da rago ya sayi allon jabu zai gaya wa duk garinsu cewa sola yaudara ce, sai ɗan kasuwa mai gaskiya ya shekara yana wanke laifin da ba shi ya yi ba. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2015, akwai hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya, akwai ARCEP mai amincewa da na'urorin sadarwa, kuma Nijar na cikin yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da shara mai guba Afirka, alhali wani kaso na gwanjon firigo da talabijin na Turai bai fi shara da komai ba sai suna. Abin da mai saye ke so ya gani shi ne kayan awo a bakin iyaka da ma'aikacin da ya iya aiki da su. Tunda kuma kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, me zai hana takardar garanti da bayanin aiki su zo cikin harshen da mai saye ke ji?

Duk lokacin da aka tada wannan zance, sai wani ya kawo mafarkin masana'antar haɗa wayoyi, da tuta da almakashin yanke ƙyalle. A yi hattara. A Oktoba 2019 kamfanin Mara ya buɗe masana'anta a Kigali da wata a Durban, shugabannin ƙasa suka halarta. Ta Durban ba ta cika shekara 2 tana aiki ba, a 2022 aka sa ta a gwanjo. Afirka ta Kudu ke nan, mai tashoshin jiragen ruwa da masu saye miliyoyi. Maraɗi ta san irin wannan labari a gida: masana'antun da aka yi alfahari da su a shekarun 1970, galibinsu sun rufe ƙofa da kayan Najeriya masu araha suka kwararo a shekarun 1980.

Abin da Nijar ke iya riƙewa daga wannan kasuwa yana hannun mai gyara da mai girkawa. A Katako ta Yamai da bakin kowace tashar mota akwai samari da suka koyi sauya gilashi da narka dalma da ido kawai, ba takarda, ba jari, ba kayan awo na kirki. Su ne ke sa wayar shekara 2 ta kai 5, kuma kowace shekara da suka ƙara mata kuɗi ne da bai fita ƙasa ba. Haka mai girka sola da ya iya auna allo da batir daidai da buƙatar gida. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan a Maraɗi, EMIG na Yamai, cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi, asusun FAFPA kuwa don irin wannan aka kafa shi. Abin da ake buƙata shi ne horo na ƴan watanni, cikin Hausa da Zabarmanci, ga wanda ya riga ya iya aikin, da takardar shaida da za ta sa banki ya saurare shi. Kamfanin da ke sayar da wayoyi dubbai a ƙasar nan kuma, a sharɗanta masa ya ajiye kayan gyara na asali da wurin karɓar garanti a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, kada mutumin Gure ya riƙa kashe kuɗin mota da ya fi kuɗin wayar don ya kai ta Yamai.

A watannin ƙarshen shekara ake shirya dokar kasafin kuɗi. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa, CCIN, da ƙungiyoyin ƙwadago irin USTN da CDTN ba safai suke zama kan tabarma ɗaya ba, amma a nan buƙatarsu ta haɗu: mai sayarwa na son kaya mai tafiya, mai albashi na son kayan da ba zai mutu kafin bashinsa ya ƙare ba. Su kai wa ministan kuɗi takarda guda kafin a rufe kasafi mai zuwa, da jerin kayan da za a sassauta wa, da farashin da rangwamen zai tsaya a kai, da garanti na wata 12 a rubuce, da sharaɗin cewa bayan shekara 3 ma'aikatar duwan za ta buga wa jama'a abin da aka rasa da abin da aka samu.